Matakan Neman Digirin Aikin Jinya a Sakkwato

Da farko ki ɗauko takardar WAEC ko NECO ki duba. Ana son kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. In babu kiredit a Fiziks, ki sake zama jarrabawar kafin ki kashe kuɗin fom.

Sai ki yi rajistar JAMB, ki zaɓi Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, ki sa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a zaɓi na farko. Masu neman wannan kwas suna da yawa, makin da ya tsaya a kan iyaka da wuya ya kai ki. Bayan tantancewar jami'a, ki riƙa leƙa shafin CAPS, wato shafin JAMB na bayar da gurbin karatu, ki karɓi gurbin da zarar ya fito.

Karatun shekara 5 ne, kuma za ki sha tsayuwa a ɗakunan marasa lafiya na asibitin koyarwa. Wadda ta riga ta zama nas mai rajista tana iya neman shiga kai tsaye daga aji biyu.

Digiri na biyu kuwa sai kin tara digirin farko na jinya da sakamako mai kyau, lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya wanda bai ƙare ba, da takardar hidimar ƙasa. Ki nemi kundin makinki da wuri, domin fitar da shi kan ɗauki lokaci.