Malta ta gida: inda ake yawan zamewa idan an bi rubutun jikin gwangwani

Da azumi ya ƙarato, sai ka ga katan-katan na Maltina da Malta Guinness da Amstel Malta sun cika shagunan babbar kasuwar Maradi, akasarinsu ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa. Kuɗinsu kuwa ba ya tsayawa wuri guda. Shi ya sa mata da dama masu sana'ar bisaf da lemun citta suke juya gwangwani, don su haɗa tasu a gida, su karanta abin da aka rubuta a bayansa: ruwa, sukari, tsiron sha'ir, dawa ko masara, karamel, hops (furen wata shuka mai ɗaci), iskar gas, bitamin. Sai mutum ya ce ashe ba wani sirri, ai dawa a rumbunmu take. Ni ma haka na ce shekarar da na fara, na kuma zubar da tukunya uku kafin in samu abin da za a miƙa wa baƙo.

Zamewa ta farko tun daga karatun take. Jerin da kamfani yake bugawa sunayen kaya ne, an jera su daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci, ba a faɗi awo ba, ba a faɗi zafin wuta ko tsawon lokaci ba. Awon da za ki iya tsinta ya yi miki amfani shi ne na sukari, a ɗan akwatin da ke nuna abin da ke cikin kowane mililita 100. Idan kin ga giram 12, to lita guda tana ɗauke da giram 120 ke nan, kuma wannan jimilla ce, har da zaƙin da ya fito daga tsiron kansa. Masu zuba giram 120 na farin sukari a kan ruwan tsiro mai zaƙi su ne suke ƙarewa da abin da ya fi kama da ruwan alewa. Ki ɗanɗana ruwan tsiron tukuna, sannan ki cika da sukari kaɗan-kaɗan.

Wasu kuma suna tsayawa neman sha'ir, suna ganin in babu shi babu malta. Kamfanonin Najeriya da kansu sun koma ga dawa bayan da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, saboda haka dawarmu ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. Inda matsalar take shi ne a niƙa dawar da ba ta tsira ba. Wannan kunu za ta ba ki, komai daɗewarta a wuta. Tsirowa ce take farkar da sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari. A wanke dawar, a jiƙa ta kwana guda ana sauya ruwa, a tsane, a baza a buhun algarara mai laima a inuwa, ana yayyafa ruwa safe da yamma ana juyawa, kwana 3 zuwa 5. Idan ta yi kauri a tsibi ɗaya za ta ɗau zafi ta yi funfuna, kuma wadda ta yi funfuna ta kaji ma ba ta yi ba, a zubar. Kar a kuskura a taɓa irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda ake gani da jan ko koren launi.

Akwai abin da nake so a riƙe da hannu biyu a nan. Bayan an shanya tsiron ya bushe ƙarau, sai a murza shi a tafin hannu a sheƙe, saiwoyi da ƴan kunnuwan duk su fita. Kowane makiyayi ya san abin da gyauron dawa yake yi wa akuya in ta ci shi ɗanye. Gubar nan tana cikin sabon tohon dawa, har da wanda kika tsirar a tsakar gida. Bayan haka ma, barinsa yana kawo wani ɗaci mai warin ciyawa da sukari ba ya rufewa.

Yanzu ga wurin da na fi shan wahala. Na niƙa tsirona, na kwaɓa, na ɗora a wuta na bar shi yana ta zaɓalɓala, ya fito da kauri kamar koko, zaƙi babu. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta yi shekaru tana sayar da kunun zaƙi ta leƙo ta tambaye ni abin da nake damawa. Na ce, "Inna, malta ce nake so, ta ƙi." Ta ce, "Ɗiyata, kin dafa mai aikin tare da aikin, wa zai yi miki shi?" Maganarta ita ce dukan ilimin. Sitacin dawa ba ya sakin jiki sai zafi ya haura digiri 70, su kuwa sinadaran da ke narkar da shi suna mutuwa kusan a wannan zafin. Sha'ir ba shi da wannan rikici sosai, shi ya sa bayanan da ake gani a intanet, waɗanda aka rubuta don sha'ir, suke yaudarar mai dawa.

Dabarar ita ce ta masu kunu. Ki kwaɓa kilo 1 na garin tsiro da lita 4 na ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki bar shi ya kwanta kamar rabin awa. Ki tsiyaye ruwan saman a wani mazubi ki ajiye, a cikinsa masu aikin suke. Gasarar ƙasa ita za ki dafa, ki ƙara mata ɗan ruwa, kina motsawa har ta nuna. Ki sauke ta huce, sannan ki mayar mata da ruwan da kika ajiye, haɗin ya tsaya tsakanin digiri 60 da 65. Ki rufe, ki naɗe tukunyar da bargo awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Za ki ga kaurin ya tsinke ya zama ruwa mai zaƙi. Ma'aunin zafi na kicin ya fi yatsa gaskiya, in kina da halin saye. In kina shakkar ko ya gama, ɗebi cokali guda a farin faranti ki ɗiga masa Betadine, maganin wanke ciwon nan mai aidin: in ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, da sauran sitaci, a ƙara masa lokaci. Wannan cokalin zubarwa ake yi, ba ya komawa tukunya. Daga nan a tace da ƙyalle mai laushi, a tafasa ruwan sosai.

Launi yana ruɗin mutane. Suna neman jar dawa ko karan dafi don su samu duhun nan, sai abin ya fito ja kamar bisaf, da bauri. Duhun malta daga karamel yake, wato ƙonannen sukari. Ki narkar da sukari a busasshiyar tukunya har ya yi launin dabino, ki zuba ruwan zafi a hankali kina nesa da fuska, don yana fantsama. Da ya fara baƙin hayaƙi ya wuce, ɗaci kawai zai ba ki. Ƙamshin nan mai kama da ɓawon burodi kuma, soya ɗan tafin hannu na busasshen tsiro kamar gyaɗa ki niƙa tare da sauran.

Hops ba a noma shi a nan, kuma ɗan kaɗan ne a malta. Na ga masu maye gurbinsa da shuwaka ko namijin goro. In za ki gwada, ƙanƙanin yanki ya ishi tukunya. Ni na daina sa wa gaba ɗaya, ba wanda ya taɓa tambaya.

Kuskuren da ya fi kowane nauyi shi ne na gas. Kamfani da inji yake cusa iskar a kwalba. Wasu suna jin an ce a sa ɗan yis na burodi a toshe kwalba ta yi kumfa. Kumfa za ta yi, amma yis sukari yake ci ya fitar da iska da barasa tare, kuma abin da ya raba malta da giya ke nan: ruwan tsiro ɗaya ne, ɗaya an ba shi yis, ɗaya an hana shi. Ko ba ki sa da hannunki ba, na iska da na jikin mazubi zai shiga, kuma a zafin Afrilu na Maradi, mai haura digiri 40, wuni guda ya isa ya fara aiki. Kwalbar roba da ta kumbura ta yi tauri, ko murfi da ya yi tsaki da aka buɗe, alama ce abin ya juya. Ta gilashi kuwa fashewa take. In kina son tsartsatsin gas a harshe, ki dafa maltar ta yi ɗan kauri, lokacin sha ki sirka da ruwan soda mai sanyi.

Ta kanti tana yin watanni a shago saboda an ba ta zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta cikin kwalbarta a rufe da injin da ba mu da shi. Ta gida ruwan zaƙi ne marar tsami, irin wanda ƙwayoyin cuta suke so, don haka ba a ajiye ta a ɗaki ko da an toshe. Ki ɗauraye kwalabe da tafasasshen ruwa, ki sanyaya maltar da sauri cikin baho mai ƙanƙara, ta shiga firigo, a shanye cikin kwana 2. In kuran ya ɗauke tun safe bai dawo ba, a sha ta a buɗa-bakin ranar. Mai sayarwa gara ta ƙulla a leda ta daskarar, ta riƙa fitar da iya na yini.