Yadda Mai Bi Zai Riƙa Tunawa Allah Yana Nan Sa'ad da Jaraba Ta Zo

Mai bi ba ya faɗawa cikin zunubi don ya daina gaskata akwai Allah. Abin da ke faruwa shi ne, na ɗan lokaci yakan ji kamar shi kaɗai ne a ɗakin. Dubi 2 Sama'ila sura 11, labarin Dawuda da Batsheba: ayoyi 27 ne, amma ba a ambaci sunan Ubangiji ba sai a aya ta ƙarshe. Dawuda ya gani, ya aika, ya ɗauko, ya ƙulla kisan mijinta Uriya, duk kamar ba mai kallo. Sai ka gwada da Farawa 39. A can sau huɗu aka ce Ubangiji yana tare da Yusufu, a aya ta 2, 3, 21 da 23. Ranar da matar Fotifar ta kama rigarsa, ba kowa a gidan, amma amsar da ya riga ya ba ta ita ce, yaya zai yi wannan babbar mugunta ya yi wa Allah zunubi? Ga Yusufu gidan a cike yake, domin Allah yana ciki. Wannan sanin ana iya koyonsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Wanda ya jira sai sha'awa ta tashi kafin ya nemi Allah, ya makara. Ka ware minti goma zuwa goma sha biyar da safe, kafin ka taɓa waya, ka karanta Zabura 139:1-12 da murya, a hankali. Idan ka zo inda aka ce Allah ya san zamanka da tashinka, ka ambata masa wuraren da za ka je yau: shago, ofis, tasha, gona, gidan wance. Ka yi haka kullum har wata guda. Ayoyin za su zauna a kanka ba tare da wahalar hadda ba.

Addu'ar safe kaɗai ba ta kai mutum dare. Daniyel sau uku yake durƙusawa a yini. Ka ɗaura naka a kan abin da ba ka fasawa, kamar cin abincin rana da rufe shago. Minti ɗaya ya isa: "Ubangiji, kana nan, kana ganina, ka riƙe ni." Nehemiya ma a tsaye yake gaban sarki Artashate, an yi masa tambaya, ya yi addu'a ga Allah na Sama kafin ya buɗe baki.

Ka san ƙofar da take shigowa

Jaraba ba ta cika sauya hanya ba. Ka ɗauki mako biyu kana rubuta abu uku duk lokacin da ta taso: ƙarfe nawa ne, ina kake, wane hali kake ciki. Yawancin mutane sukan tarar abu ɗaya ne ke maimaituwa. Ga wani, bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne, waya a hannu, gida ya yi barci. Ga wata, bayan faɗa da maigida ne, sa'ad da wani a wurin aiki ke mata magana mai taushi. Ga ma'ajin zumunta, ƙarshen wata ne, kuɗin makaranta ya matso, kuɗin adashi kuma yana cikin akwati.

Idan ka gane ƙofar, sai ka tare ta da abin da ido ke gani. Waya ta kwana a falo. Hira da wanda zuciyarka ta fara karkata gare shi ta koma gaban mutane. Kuɗin baiko na ikilisiya kuwa mutum biyu su ƙirga, su rubuta, su sa hannu, a kai banki ranar Litinin. Kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin rashin yarda da shi. Manzo Bulus kansa bai ɗauki gudunmawar ikilisiyoyi shi kaɗai zuwa Urushalima ba. A 2 Korantiyawa 8:20-21 ya ce suna lura ne kada a sami abin zargi, a gaban Ubangiji da gaban mutane.

Sai ka zaɓi ayoyi uku da suka dace da taka jarabar, ba ta kowa ba. A jeji, amsoshi ukun da Yesu ya ba Shaiɗan duka daga Maimaitawar Shari'a suka fito, sura 6 da 8, kowace ta doki ainihin abin da aka kawo masa. Mai fama da son kuɗi ya riƙe Ibraniyawa 13:5, inda gargaɗi kan kuɗi da alkawarin cewa Allah ba zai yashe mu ba suke cikin aya ɗaya. Mai fama da sha'awar jiki ya riƙe 1 Korantiyawa 6:19. Mai saurin fushi, Yakubu 1:19-20.

Minti na farko

Yakubu 1:14-15 ya nuna matakan: sha'awa ta ja mutum, ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Wurin yanke abin shi ne tun kafin cikin ya shiga, kuma wannan lokacin gajere ne ƙwarai.

Fara da yi wa Allah magana kai tsaye, da baki in da hali. Tunani a kan Allah daban, magana da shi daban. Da ka ce "Ya Uba", ka riga ka amsa cewa ba kai kaɗai ba ne. Sannan ka kira abin da sunansa. Kada ka ce "aro zan yi", ka ce "Ya Uba, ina so in saci kuɗin zumunta." Da wuya mutum ya furta wannan a gaban Allah hannunsa ya ci gaba. Daga nan ka faɗi ayarka, ka kuma motsa jikinka: tashi, fita tsakar gida, ajiye wayar, miƙa wa wani makullin. Yusufu bai tsaya wa'azi ba, rigarsa ya bari ya gudu. 1 Korantiyawa 10:13 ta yi alkawarin mafita tare da kowane gwaji, kuma sau da yawa mafitar ƙofar ɗakin ce.

Inda ake yin kuskure

Mutane da yawa suna auna kasancewar Allah da abin da suke ji a rai. Ranar Lahadi, cikin waƙa da ganga, suna jin yana kusa. Daren Laraba zuciya ta bushe, sai su ɗauka ya tafi. Alkawarin Matiyu 28:20, cewa Ubangiji yana tare da mu kullum, bai rataya a kan yanayin zuciyarka ba. Ka yi magana da shi ko ba ka ji komai ba.

Wasu kuma ɗan sanda suka mai da Allah, mai jiran su faɗi ya kama su. Wanda ke ganinsa haka, gudunsa zai yi daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Hajaratu a jeji ta kira shi Allah mai ganinta, ganin nan kuwa ceto ne gare ta. Ibraniyawa 4:15-16 ta ce an jarabci Yesu ta kowace hanya kamarmu, bai yi zunubi ba, don haka mu matso mu sami taimako a kan kari. A nan ne kuma za ka gane jin jaraba ba zunubi ba ne. Wanda ya ɗauka ya riga ya ƙazantu don tunani ya gifta masa, yakan ce tunda an fara bari a ƙarasa.

Akwai kuma ɓoyo. Ka sami mutum ɗaya, namiji ga namiji, mace ga mace, dattijon ikilisiya ko uwa a zumuntar mata, mai riƙe sirri. Ku haɗu sau ɗaya a mako, ka ba shi izinin tambayarka kai tsaye ba kwana-kwana.

In ka faɗi

Kada ka bi sawun Adamu zuwa cikin itatuwa. Ka furta a ranar, bisa ga 1 Yahaya 1:9, ka faɗa wa mutumin nan mai riƙe sirrinka kafin kwana biyu. Kada ka ƙaurace wa sujada don kunya. In kuɗi ne, ka mayar, ko kashi-kashi ne, a rubuce, da sanin mutum biyu. Ka koma takardarka ka duba ta wace ƙofa aka shigo, ka ƙara toshe ta. In abin ya zama jiki, kamar giya, ƙwaya ko caca ta waya, ka je wurin fasto ku zauna, inda ƙwaya ko giya ta kama jiki kuma a haɗa da likita, domin yanke shan su farat ɗaya yana iya jawo rashin lafiya mai tsanani.