Darasi na 9: Shuka a kan rufin ɗaki

A watan Afrilu da Mayu zafi a Damagaram yakan wuce digiri 40. Rufi ya sha rana yini guda, da dare ya sako zafin cikin ɗaki, shi ya sa ake fita tsakar gida da tabarma. Inuwar shuka a kan rufi tana rage wannan zafi.

A ƙasar Jamus suna shimfiɗa ƙasa a kan rufi, su dasa ƙananan tsirrai. Can ruwan sama yana sauka kusan kowane wata. Mu namu daga Yuni ne zuwa Satumba, kuma kowa ya san yadda ake layin jarka a famfo da bazara. Saboda haka ba ciyawa za mu shimfiɗa ba. Inuwa muke nema, wadda ba za ta ci ruwa da yawa ba.

Fara duba irin rufinka. Soron azara ba a ɗora masa shuka ko kaɗan: laima za ta jiƙa yaɓe, gara ta samu hanya. Kwano ma ba ya ɗaukar nauyi. Ga waɗannan biyu, a shuka soso ko duma a ƙasa, a kafa rumfa ko a ja igiya su hau. Iyayenmu sun daɗe suna yi wa ɗakin shibci haka.

Rufin kankare, wanda magina ke kira dal, shi ne ake iya ɗora wa tukwane, amma sai magini ya duba tukuna. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kaurin santimita 10 a kan mita ɗaya tsawo da faɗi ta kai nauyin buhun siminti uku. Ba wasa ba ne.

A raba tsohuwar jarka biyu, a huda gindinta, a ɗora ta kan bulo don iska ta bi ta ƙarƙashi. A jera su kusa da bango, inda rufi ya fi ƙarfi, kada a tare bakin indararo. Ƙasar a haɗa ta da ruɓaɓɓen taki da garin gawayi, ta fi sauƙin nauyi kuma tana riƙe danshi. A rufe samanta da yankakken karan gero, in ba haka ba iskar hunturu za ta kwashe ta.

Alobera da fasa-ƙaba suna jure ƙishi. Tumatir da salat kuwa sai lokacin sanyi. Da bazara asarar ruwa ce kawai. Ban ruwa da yamma ake yi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa, ban da mai omo ko gishiri.

Aiki: Jarka ɗaya lita 20 ce, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ka hau da jarka uku cike da ruwa, kilo nawa ka ƙara wa rufin? Rubuta irin rufin gidanku, da shukar da ta dace da shi.