Yadda nake koya wa ƙananan yara amfanin ungulu da sauran masu cin mushe

Yaran Damagaram na yau sun fi jin sunan ungulu a bakin mai zagi fiye da ganinta a sama. Mu da muka taso muna ganin ungulaye jere a katangar mahauta, wannan rashin yana damunmu. Shi ya sa nake ware wa ƴan ajina na lakwal darasi guda a kanta, kuma iyaye ma za su iya yin sa a tsakar gida.

Ku fara da tambaya, kada ku fara da bayani: jaki ya mutu a bayan gari, babu mai binne shi, ina yake zuwa? Ku ƙyale su su yi ta gardama. Wani zai ce kare, wata ta ce tsutsa, kafin a kai ga ungulu, hankaka, dila da kura. Duk amsar da suka kawo ku zana ta a allo ko a ƙasa.

Sai a nuna musu abin da ido zai gani. Da damina buzuzu ya fi sauƙin samu: ku tsuguna tare kusa da turken shanu, su ga yadda yake mulmula kashin yana binnewa, ƙasa ta samu taki, ƙuda ya rasa wurin ƙwai. Kallo kawai za su yi. Mushe kuwa ba a kusantar sa, ba a taɓa shi, a dawo a wanke hannu da sabulu.

A kan ungulu nake daɗewa. Yara sukan ce, "Malama, ai ƙazama ce." Sai in nuna hotonta in tambaye su dalilin sanƙonta. Kan da babu gashi ya fi sauƙin tsabtacewa bayan ta cusa shi cikin gawar dabba. Ruwan cikinta kuma yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cutar da za su kwantar da mutum ko saniya. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma wannan jewar aikin share mana gari ce.

Ga manyan cikinsu ina kawo labarin Indiya. Daga shekarun 1990 wani maganin dabbobi, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu. Mushe ya taru, karnukan bola suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Irin ungulun da muka saba gani a garuruwanmu ma tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa. Guba da farautarta don sayar da kanta ga masu tsibbu suna cikin abin da ya jawo haka. Ku faɗa musu har yanzu akwai ungulaye a duwatsun Kutus da Termit, cikin jiharmu.

Kada ku hana su tatsuniyar kura da kwaɗayinta. Bayan an ce ƙurunƙus, ku tambaye su: wa yake tauna ƙashin da ungulu ta bari? Daga nan kowa ya zaɓi dabba ɗaya ya zana ta tana aikinta, ya kai gida ya tambayi kakansa inda ya saba ganinta a da.