Yadda sojan Birtaniya mai shirin ajiye kaki zai samu aikin gandiroba

'Yan'uwanmu na Ghana da Najeriya da ke cikin rundunar sojan Birtaniya, idan lokacin sallama ya ƙarato, da yawansu aikin gandiroba suke fara hange. Akwai albashi tsayayye da fanshon ma'aikatan gwamnati, kuma ba a neman digiri. Hukumar HMPPS mai kula da gidajen yarin Ingila da Wales tana son tsofaffin sojoji, har ta ware musu tsari mai suna Advance into Justice. Duk da haka na sha ganin mazaje masu ƙwazo sun faɗi, kuma kusan dukansu a mataki ɗaya suke faɗuwa.

Fara da takardun zama. Muddin kana cikin kaki dokar shige da fice ba ta hau kanka ba, amma ranar da aka sallame ka wannan rangwame ya ƙare. Wanda ya yi shekara 4 yana aiki zai iya neman izinin zama na dindindin, kuma ana karɓar takardar tun saura mako 18 a sallame shi. Tun daga Afrilun 2022 an yafe kuɗin nema ga wanda ya cika shekara 6. Mai gida kaɗai aka yafe wa, na uwargida da yara yana nan, kuma ba kaɗan ba ne, don haka ka soma tari da wuri. Kada ka ɗora begenka kan cewa gidan yari zai ɗauki nauyin bizarka.

Ka yi rajista da Career Transition Partnership, shirin da ke taimaka wa sojoji masu ajiye kaki su samu aiki, tun kana bariki, su taya ka tsara takardar neman aiki. A fom ɗin kuma ka nuna cewa kai tsohon soja ne. Jarrabawar farko ta intanet, wadda ake ba ka yanayi ka zaɓi abin da za ka yi, ba ta cika kayar da mutanenmu ba. Ka yi ta a kwamfuta, ba a waya ba.

Inda ake zubewa shi ne ranar tantancewa, wadda ita ma ta bidiyo ake yi. Akwai hira, akwai gwajin rubutu, sannan akwai wasan kwaikwayo: wani zai fito a matsayin fursuna, kai kuma gandiroba. A ce ya taso maka da faɗa, an soke ziyarar mahaifiyarsa bayan ta yi doguwar tafiya. Nan take saje ya tashi a jikin mutum, murya ta ɗaga, "Zauna! Yi min shiru!" Cikin minti ɗaya mai neman aikin ya faɗi. Masu ba da maki ba ƙarfin muryarka suke aunawa ba. So suke su ga ko za ka iya sauke mutum daga fushi da baki kawai.

Ka faɗi sunanka, ka kira shi da nasa. Ka bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, ko da yana zagi. Sai ka tambaye shi tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a: yaushe aka gaya maka, wa ya gaya maka, me aka ce dalili? Ka maimaita masa abin da ka ji don ya san maganarsa ta shiga. Daga nan ka faɗi abin da za ka yi da lokacin da za ka dawo masa da amsa. Kada ka yi alkawarin mayar da ziyarar, ba a hannunka take ba.

Akwai wani tarkon da ya fi kama mu musamman. Mun saba idan mutum ya kawo kuka mu ce masa ya yi haƙuri, komai mai wucewa ne. A gida wannan kirki ne, amma a wannan gwaji rufe masa baki ka yi. Idan fursunan ya yi sanyi, kansa a sunkuye, yana cewa ya rarraba kayansa ko ya gaji da duniya, dole ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Ka kuma gaya masa ba za ka riƙe wannan a matsayin sirri ba, za ka sanar domin a kula da shi. Haka nan wanda ya lallaɓo yana roƙon ka fitar masa da wasiƙa a ɓoye: ka ƙi a fili, ba tare da wulaƙanci ba, ka ce za ka rubuta rahoto.

An tsananta a nan ne saboda gandiroba a can ba ya riƙe bindiga. Kulki ne, da feshin PAVA mai yaji kamar barkono, da kyamara a ƙirji, fursunoni kuma sun ninka ma'aikata nesa ba kusa ba. Za a kuma damƙa maka fursunoni kamar shida ka riƙa zama da kowanne kana bin lamarinsa.

Shawarata, kada ka biya kowa kuɗin koyarwa. Ka sa abokinka ya kira ka ta bidiyo ya zama fursuna mai taurin kai, ka naɗa, ka kalla. Ka lura sau nawa ka katse shi. Ka kalli kyamara sosai, domin sunkuyar da kai irin na ladabinmu yana iya zama alamar tsoro a wajensu.

Gwajin ƙarfi ba zai dame ka ba: gudu ne tsakanin layi biyu masu tazarar mita 15, ana ƙara sauri mataki-mataki har mataki na 5.4, da ƙarfin damƙa, da riƙe garkuwa. Abin dubawa shi ne hawan jini da ji, musamman in ka daɗe kusa da manyan bindigogi. A binciken tarihi ka bayyana komai, har hukuncin da aka taɓa yi maka a soja, kuma ka tanadi kuɗin cefane domin yakan ja lokaci.

Horo mako 10 ne, wani sashe a gidan yarinka, wani a makaranta irin ta Newbold Revel kusa da Rugby. Ko samanja ka fito, daga matakin Band 3, wato matakin sabon gandiroba, za ka fara, da awa 37, 39 ko 41 a mako. Ka zaɓi gidan yarin da ke kusa da inda iyalinka za su zauna, domin akwai aikin dare da na ƙarshen mako, kuma da yawa daga gidajen suna bayan gari inda bas ba ta zuwa da asuba.