Yadda ake saita wa kurma waya, daga abin da na koya a kan ƙanina

Ƙanina yana ɗan shekara 7 sanƙarau ya tafi da jinsa, yanzu ɗinki yake yi a wani shago wajen Jekadafari nan Gombe, kuma wallahi wayar nan ita ce kunnensa, da ita yake karɓar aiki da ita yake ganin alat in kwastoma ya turo kuɗi. Ana yawan tambayata wai wace irin waya ake saya wa kurma. Ba wata ta daban, Tecno ko Infinix ko Samsung ɗin da ke gida ma ta isa, saiti ne kawai.

Fara da yadda zai san ana nemansa. Shiga setin ka kunna baibireshan na kira da na saƙo duka, sai ka nemo inda aka rubuta Accessibility, a Samsung akwai Flash notification a ciki, in ka kunna fitilar bayan waya za ta riƙa ƙyaftawa duk sanda kira ko saƙo ya shigo. Android 14 ma ta zo da shi, a iPhone kuma sunansa LED Flash for Alerts. Wannan ya fi komai yi masa amfani a shago, don in keken ɗinki na aiki teburin gaba ɗaya rawa yake, ba zai gane girgizar waya ba, amma haske kam zai gani. A dai kife wayar yadda fitilar za ta kalli sama.

Sai ka sauke masa Live Transcribe a Play Store, kyauta ce. Google ne suka fitar da ita a 2019 tare da jami'ar Gallaudet, wato jami'ar kurame da ke Amurka, mutum na magana tana rubutawa a fuskar waya. Ta fi ƙwarewa a Turanci gaskiya, shi ya sa a banki ko gaban likita take yi mana rana. In Hausa ce ni Gboard, wato kibod ɗin Google, nake amfani da shi, tun 2024 aka ƙara masa jin Hausa, sai ka sa Hausa a cikin harsunan kibod ɗin, ka danna alamar makirufo ka yi magana a hankali ka nuna masa. Yana kuskure musamman a cikin hayaniyar kasuwa, to ka karanta kafin ka miƙa. A cikin Live Transcribe ɗin akwai Sound Notifications, wayar na sauraron kukan jariri ko ƙwanƙwasa ƙofa sai ta girgiza, duk mai ƴar uwa kurma da ke goyo don Allah ya kunna mata wannan.

Amma fa a sani, ba kowane kurma ne ya samu zuwa makaranta ba, da yawa maganar hannu ita ce harshensu, rubutu mai tsawo wahala yake ba su. Su bidiyo kol na WhatsApp ne abin yi, kuma shi ma yana da ƙa'ida. Kar ka riƙe wayar a hannu, jingina ta da kofi ko bango don hannuwanka biyu su samu sakewa, ka ja baya kaɗan a ga fuska da ƙirji, don rabin maganar a fuska take. Haske ya zama a gabanka ba a bayanka ba, in ka zauna bakin taga ka ba ta baya inuwa kawai zai gani. Da dare in ba wuta ka ajiye fitila mai caji tana haska ka, in sabis na yankewa kuma rage saurin hannu.

Wanda kunnensa ya yi nauyi ne kawai, kamar tsofaffinmu, a sa masa manhajar ƙara sauti ta Sound Amplifier da iyafis, in kunne ɗaya ke ji a kunna Mono audio don duk sautin ya zo masa ta kunnen. Mai in'ina ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa harshe, a rubuta masa gajerun saƙonni ya ajiye, irin su "Tashar Dukku zan je, nawa ne?", ya nuna wa mai Keke Napep shi ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne boyis. Mu Hausawa mun saba, kowa sai ya danna ya yi ta zuba minti uku. Akwai sanda aka yi rasuwa a danginmu aka sanar a guruf ɗin gida da boyis, kowa ya ji ya tafi jana'iza, shi yana shago yana ganin saƙonni na shigowa bai san me ake ciki ba, sai da yamma ya samu labari, ranar ya yi kuka sosai. Tun daga nan muka sa doka a guruf ɗin, duk wanda ya tura boyis, wanda ya fara saurara sai ya rubuta abin da aka ce a ƙasa, ko da layi biyu ne, a sa wuri da lokaci. In Hajiya ce ta tura, tunda ita ba ta rubutu, ni nake rubutawa.