Baƙo a Damagaram: abin da ke naka, abin da ke na hukuma

Wanda ya taso daga Kano ko Daura ya tsallaka Kwangwalam, ya wuce Ɗan Barto da Matamaye ya sauka Damagaram, da wuya ya ji a jikinsa cewa ya bar ƙasarsa. Hausa ake yi, tuwon guda ne, wataƙila ma yana da dangi a Birni ko Zango. Nan ne mutanenmu ke yin sake. Dokar da ke aiki a nan ta Nijar ce, an gina ta bisa tsarin Faransa, kuma ba ta san zumunci ba in magana ta kai gaban hukuma.

Fara da takardunka, ɗan'uwa. Nijar ta fita daga CEDEAO, wato ƙungiyar ECOWAS, a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Ƙasashen uku sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan CEDEAO ba tare da biza ba, amma wannan rangwame ne da hukuma ta yi, tana kuma da ikon hana wanda ta ga dama shiga. A watan ne kuma aka fitar da sabuwar doka mai tsauri kan shigowa da zaman baƙi. Don haka fasfo ko katin shaidarka ya zauna a aljihu, in kuma zaman zai yi tsawo ka je komisariya, wato ofishin 'yan sanda, da ƙafarka ka tambayi takardar zama. Kare rai da dukiya da kai ƙara gaban alƙali haƙƙin kowa ne, baƙo da ɗan gari. Zaɓe da riƙe muƙamin siyasa kuwa na ɗan ƙasa ne.

Inda aka fi shan kuka shi ne fili da gona. A Najeriya mun saba da dokar 1978 wadda ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. A nan, dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, wato gonar da mutum ya gada daga kakanni tasa ce ko da ba shi da takarda. Wannan ya yi wa ɗan gari daɗi, amma kai mai saye ka buɗe ido, domin wanda ke nuna maka gona yana iya zama ɗaya daga cikin magada goma, sauran tara ba su san da cinikin ba. Wani ma ba gado ya yi ba. Aro aka ba ubansa, ko jingina ce da ba a fansa ba, shekara talatin yana noma har unguwa ta manta. Mai aro yana da ikon noma da girbi, ba shi da ikon sayarwa. Mai riƙe da jingina zai ci amfanin gona har ran da aka mayar masa da kuɗinsa, daga nan ya tattara.

Saboda haka aka kafa hukumomin filaye da ake kira kofo, tun daga ƙauye, inda maigari ke shugabanta, zuwa ƙaramar hukuma da gunduma. Su ke rubuta takardar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina, kowace da irinta. Ka sa a taka iyakar gonar a gaban maƙwabta, a kira magada, maigari ya sa hannu, sannan ka ƙirga sefa. A cikin gari kuwa ka nemi takardar da ofishin magajin gari ya bayar, ka je can da kanka a duba littafi ko sunan mai sayarwar ne a kan filin. Dillali zai ce maka wani na tafe da kuɗi gobe. Bar shi ya zo.

Ko ka saya da hujja, akwai abin da bai shiga cinikin ba. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa, man fetur ko ma'adini, na gwamnati ne. Ɗanyen man Agadem da matatar SORAZ ke tacewa a arewacin gari tun 2011 ba na mai fili ba ne. Hukuma na iya karɓe fili don hanya ko makaranta, sai dai doka ta wajabta mata biyan diyya. Burtali da makiyaya ba na sayarwa ba ne, kuma dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa. Ka ga fili mai arha a bakin burtali, ka yi nesa da shi. Hatta gawon da ke tsakiyar gonarka, irin waɗanda suka cika gonakin Magarya da Matamaye, itace ne da doka ta kare, sare shi ba izini sai ka haɗu da ma'aikatan gandun daji.

In rigima ta taso, kada ka nemi kotun shari'a irin ta Kano, babu ita a nan. Maganar gona, gado da aure kan fara ne daga sulhu wurin mai unguwa, maigari ko fadar Sarkin Damagaram. Sarakai sasantawa suke yi, a rubuta abin da aka amince, yanke hukunci kuwa na alƙalin gwamnati ne, wanda kan zauna da masana al'ada a irin waɗannan shari'u. Ka karɓi kwafin takardar sulhun ko da an rabu ana dariya.

Mai buɗe shago ya yi rajistar kasuwanci ya karɓi lambar haraji, wadda ake kira NIF, tun kafin kaya su yi yawa. Mai aikin albashi ya nemi kwantaragi a rubuce. Duk takardar da aka miƙo maka da Faransanci, ko da Hausa ta zama harshen ƙasa tun 2025, ka samu wanda ka yarda da shi ya karanta maka ita layi-layi kafin ka dangwala yatsa, kuma kada ya zama mutumin mai sayarwar.